Babi na Biyar: Wa Yaro Zai Kai Wa Ƙara?

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Mai'adua ranar Lahadi ya san ba a sayen rago da ka. Akwai dillali, akwai mai dabba, akwai na tsaye da ke kallo har a sallama a tafa. In an kwana biyu aka gano ragon na sata ne, ko yana da wani ciwo da aka ɓoye, mai saye ya san inda zai dosa. Zai nemo dillalinsa, in abu ya gagara a je gaban manyan kasuwa. Falken da ya zo da tirela daga Kudu da mutumin da ya gangaro daga Damagaram da garkensa duk sun san da wannan hanya, shi ya sa suke sakin jiki su yi cinikin miliyoyi da wanda ba su taɓa gani ba.

Ban taɓa kawo wannan tsari a raina ba sai bayan abin da ya faru da ɗan yayata. Sai na ga ashe a ƙasarmu rago ya fi yaro ɗan aji ɗaya sanin mai tsaya masa.

Yana da shekara goma sha biyu aka kai shi makarantar kwana, ba zan faɗi wacce ba. Ranar ziyara ta farko ni aka aika, uwarsa ta haɗo ni da garin kwaki, da ƙuli-ƙuli, da sukari, da sabulu, da dambun nama cikin ɗan bokiti. Na same shi ya rame, amma wane yaro ne ba ya ramewa a zangon farko? Muka zauna gindin wata darbejiya. Ya buɗe dambun ya shiga ci hannu baka hannu ƙwarya, yana yi yana waiwaye. Da ya ƙoshi sai ya rufe bokitin ya turo mini.

"Kawu, ka koma da sauran gida."

"Don me? Ai naka ne."

"Ba komai. Garin ma ka bar shi wurin maigadi, zan riƙa zuwa ina ɗiba."

Can nesa kaɗan wasu samari biyu na jingine da bango, sun fi shi tsawo nesa ba kusa ba, idonsu na kan ledojin. Na lura da gwiwoyinsa sun yi baƙi sun yi kanta. Na tambaya, ya ce ƙwallo ce. Na kuma lura silifas ɗin ƙafarsa wari da wari ne. Duk na gani. Abin da na yi shi ne na yi dariya, na dafa kansa na ce, "Siniyoyi ko? Mu ma haka aka yi mana. Haka ake zama namiji." Ya yi murmushi irin na yaron da ya gane an rufe masa ƙofa, ya ce, "Haka ne, Kawu."

Sai da aka yi hutu, ranar komawa ta zo, ya shige ɗaki ya ce ko za a yanka shi ba zai koma ba, sannan magana ta fito, ita ma a bakin ƙanwarsa. Mutum huɗu yake wa wanki. Kafin kiran assalatu yake tashi ya ɗebo musu ruwan wanka, in ya makara ya yi durƙuso a kan tsakuwa da bokiti a ka. Abincinsa na ɗakin cin abinci, in da nama a kai, ba nasa ba ne. Wata uku yana cikin wannan hali, kuma babban mutum ɗaya tilo da ya zo har inda yake ya ce masa haka ake zama namiji.

Tambayar da uwarsa ta yi ta maimaitawa ita ce wadda kowace uwa ke yi: me ya hana ka faɗa? Amsar ba ta da daɗin ji, domin rabinta a gida aka koya masa. Mun taso da yaro a kan kunya da kara da haƙuri, kuma duka ukun abin so ne. Amma mun haɗa masa da cewa namiji ba ya kuka, na gaba ba ya laifi, yawan kai ƙara halin rago ne. Ya isa makaranta ya tarar da wata dokar da ba a rubuta a allo ba: duk wanda ya kai ƙara munafuki ne, kuma hukuncinsa sai an kashe fitila. Sannan ya ga yadda ta kaya da wanda ya gwada. Malam ya kira siniyan a gaban taron safe, ya faɗi sunan wanda ya kawo ƙara, ya yi wa mai laifi bulala shida, ya ga ya yi adalci. Da magariba malam ya hau babur ɗinsa ya tafi gida. Dare kuwa na siniyoyi ne. Yaron da ya ga wannan sau ɗaya ba ya bukatar a sake yi masa bayani.

Wannan shirun an auna shi. A binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a 2014 tare da UNICEF, an gano yara shida cikin goma a Najeriya suna gamuwa da wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18, kuma waɗanda suka samu wani taimako a cikinsu ba su kai biyar cikin ɗari ba. Rahoton UNESCO na 2019 ya ce kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya ya sha cin zalin 'yan'uwansa ɗalibai a cikin wata guda kafin a tambaye shi. A ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara adadin ya kai kashi 48 cikin ɗari, kusan rabin aji ke nan.

Da yawa za su ce ai wasan yara ne. To, Bahaushe ne kuwa bai kamata a ruɗe shi da wannan ba, don mu ne masu wasa. Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, Bakatsine da Banufe, Bagobiri da Bayarabe, jika da kaka, ɗan mace da ɗan namiji, kowa ya san yadda ake yi. Ka faɗa mini, in faɗa maka wadda ta fi ta zafi, mu yi dariya mu rabu. Sharaɗin wasa shi ne ramuwa. Ranar da ya zama ɗaya ne kullum ke faɗa, ɗayan kuma ba shi da bakin mayarwa, wasa ya ƙare, an shiga wani abu dabam. Wani masanin halayyar ɗan'adam ɗan ƙasar Suwidin da ya yi aikinsa a Norway, Dan Olweus, ya shafe shekaru yana nazarin abin, ma'aunin da ya fitar kuma bai wuce wannan ba: a yi da gangan, a yi ta maimaitawa, kuma ƙarfi bai zo ɗaya ba. Yara biyu sa'annin juna da suka dambace a kan ƙwallo faɗa suka yi, a raba su a wuce. Wanda ake tare wa hanya kullum a karɓe kuɗin tararsa, shi zalunci ake masa.

Kuma ba duka kaɗai ba ne. Suna ma yana kisa a tsaye. Rahoton nan na UNESCO ya ce abin da aka fi tsangwamar yaro a kansa shi ne kamanninsa, wanda ya yi firamare a ƙasar Hausa kuwa ba sai an ba shi misali ba. Mai i'ina da ake kwaikwayo duk lokacin da malam ya ce ya tashi ya yi karatu. Zabiya. Wanda shan inna ya taɓa wa ƙafa. Mai sikila da ake ce wa ragon maza don ba ya iya noman makaranta. Mai fitsarin kwance, wanda in asirinsa ya tonu a ɗakin kwana sunan Amalala zai bi shi har ya gama aji shida. A garuruwan bakin iyaka irin su Mai'adua da Kongolam da Zango da Baure akwai wani ƙarin. Gida ɗaya ne iyaka ta raba, kaka tana can, jika yana nan, amma yaro ya zo daga tsallake da ɗan bambancin harshe, ko ya saki kalmar Faransanci ɗaya, shi ke nan ya zama abin nuni. Ɗan Fulani da ya shigo daga ruga, da ɗan ƙauye da ya zo da wando mai faci, su ma sun san wannan. 'Yan mata kuwa nasu ya fi shiru. Sai a haɗa baki a ɗauke wa yarinya wuta, ba mai zama kusa da ita, ba mai amsa sallamarta, yanzu kuma ga waya, a ɗauki hotonta a yaɗa a WhatsApp ana dariya. Ba tabo a jiki, saboda haka ba abin da za ta nuna wa kowa.

Inda abin yake kaiwa mun gani. A watan Yulin 2025 ɗalibai biyu suka rasa ransu a makarantar sakandaren kwana ta gwamnati da ke Bichi a Jihar Kano, bayan wasu 'yan'uwansu ɗalibai sun yi musu duka da sunan horo. 'Yan sanda suka kama ɗalibai goma sha ɗaya, gwamnatin jiha ta ce a yi bincike. Kafin wannan, a watan Afrilun 2024, bidiyon wata ɗaliba da ake ta sharara wa mari a makarantar Lead British da ke Abuja ya karaɗe ƙasa, har ministar mata ta lokacin, Uju Kennedy-Ohanenye, ta je makarantar aka rufe ta kwana uku. A watan Nuwamban shekarar, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta dakatar da ɗalibai goma sha uku na kwalejin gwamnatin tarayya da ke Enugu na mako shida, shi ma bayan bidiyo ya fita. Abin lura a nan, na Abuja da na Enugu kyamara ce ta kai musu ƙara. Na Bichi sai da aka ga gawa. Yaron da ke ɗakin kwana a wani lungu na masarautar Daura ba mai ɗaukarsa bidiyo, kuma ba ma fatan ya bi ta ɗaya hanyar.

Mutanen Daura ma sun san yadda shiru ke daɗewa. A watan Oktoban 2019 'yan sanda suka fito da mutum 67 daga wani gidan mari a cikin garin, manya da yara, wasu da sasari a ƙafa, jiki duk tabo. Wannan ba cin zalin ɗalibi da ɗalibi ba ne, na sani, amma uwarsu ɗaya: iyaye sun miƙa amana sun juya baya, an kuma tabbatar wa na ciki cewa ko ya yi magana ba mai yarda da shi.

To me ake yi? Taimako yana farawa ne daga minti biyar na farko, lokacin da yaro ya daure ya buɗe baki. Abin da ya ji a wannan lokacin shi zai sa ya ƙarasa ko ya haɗiye sauran har abada. Ni na faɗi wannan jarrabawa, shi ya sa na san tambayoyinta. Kada a ce, "Kai me ka yi musu?" Kada a ce, "Kai ba ka da hannu ne? Ka rama mana." Wanda zai iya ramawa ba shi ake zaɓa ba tun farko, kuma yaron da aka tura ya rama, in ya sha kashi ya dawo da kunya biyu, in ya ɗauki makami kuma an shiga uku. A ajiye abin da ake yi, a zauna, a bar shi ya faɗa da bakinsa ko da yana yi yana tsayawa. A ce masa an yarda da shi, ba laifinsa ba ne, kuma ya kyauta da ya faɗa. Sannan a yi shawara da shi kafin a ɗaga ƙafa, domin babban tsoronsa shi ne Baba ya je makaranta da faɗa, a tara ɗalibai, gobe abin ya ninka.

Mafi yawan yara ma ba za su faɗa ba, jikinsu ne zai faɗa. Ciwon cikin da ba ya tashi sai safiyar Litinin. Biro da littafi da takalmi da ke ɓata kowane mako. Yaron da aka ba kuɗin tara ya dawo yana rawar yunwa, ko ya fara ɗan hali a jakar uwarsa alhali da ba ya yi, don akwai mai jiran harajinsa a bakin ƙofar makaranta. Wanda ya sake hanyar zuwa makaranta ya koma zagaye mai nisa. Wanda ya daina fitsarin kwance shekara biyar ya dawo yana yi. Mu kan kai irin waɗannan wurin mai magani ko mu ce a yi musu rubutu, ba laifi, amma a fara da tambaya.

In an tabbatar, a je makaranta da sanyin jiki da kuma takarda. A rubuta ranaku, da wuri, da abin da aka yi, in akwai rauni a kai asibiti a karɓi shaidar likita. A fara da malamin aji ko mai kula da ɗakin kwana, a keɓe, a kuma roƙi kada a ambaci sunan yaron a taro. In ba a ga canji ba a hau wurin shugaban makaranta. Daga nan akwai ƙungiyar iyaye da malamai, akwai kwamitin kula da makaranta na SBMC da ake sa mutanen gari a ciki, akwai sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ga 'yan firamare. Kada kuma a raina mai unguwa da dagaci. A ƙasar Daura har gobe maganar da aka yi a zauren hakimi tana da nauyin da wasiƙa ba ta da shi, musamman in uban mai cin zalin wani ne da malamai ke shakka. In abin ya kai ga rauni mai tsanani, ko taɓa mutuncin yaro, ya wuce sulhu, na hukuma ne. Jihar Katsina tana da dokar kare yara da Gwamna Aminu Bello Masari ya sa wa hannu a ƙarshen 2020, gwamnatin tarayya kuma ta ƙaddamar da manufar ƙasa ta yaƙi da cin zali a makarantu a 2025. Takardu ne, gaskiya, ba su san hanyar ɗakin kwana ba. Amfaninsu shi ne uba ya iya zama gaban shugaban makaranta ya ce, "Ranka ya daɗe, ba alfarma na zo nema ba."

Sai dai duk wannan bayan ɓarna ne. Wurin da abin ya fi ba ni sha'awa shi ne abin da aka gano game da 'yan kallo. A ƙarshen 1982 yara maza uku 'yan shekara goma zuwa sha huɗu suka kashe kansu a arewacin Norway saboda tsangwamar 'yan makarantarsu. Ƙasar ta girgiza, a 1983 aka ƙaddamar da gangami na ƙasa baki ɗaya, Olweus kuma ya gwada tsarinsa a makarantu 42 na birnin Bergen. Cikin shekara biyu cin zali ya ragu da kusan rabi. Ba da bulala ba. Malamai suka riƙa tsayawa a inda abin ke faruwa lokacin tara, kowane aji ya yi dokokinsa da bakinsa, aka riƙa zama da iyaye. A Kanada wasu masu bincike, Debra Pepler da Wendy Craig da abokan aikinsu, suka sa kyamara a filin wasan firamare a Toronto. Suka ga kusan duk lokacin da ake cin zalin yaro akwai wasu yara a wurin suna kallo. Ba kasafai suke sa baki ba, amma in ɗaya ya sa, fiye da rabin lokuta abin yana tsayawa cikin daƙiƙa goma. A kan wannan Finland ta gina shirinta mai suna KiVa, wanda Christina Salmivalli ta Jami'ar Turku ta jagoranta, aka baza shi a makarantun ƙasar daga 2009. Hikimarsa ita ce mai cin zali ɗan wasan kwaikwayo ne, tafi yake nema. A hana shi 'yan kallo, kasuwarsa ta watse.

Da na karanta wannan sai na ji kamar an sayar mini da kayan gidanmu. Mu da muka tashi ana cewa ɗa na kowa ne, duk dattijon da ya zo wucewa ya ga babba ya danne ƙarami sai ya tsaya ya daka tsawa, ba ya tambayar ɗan wane ne. Yaran da ke zuwa Islamiyya da yamma sun haddace aya ta 11 ta Suratul Hujurati, wadda ta hana izgili da jifan juna da miyagun sunaye, sun kuma san Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a taimaki wanda ake zalunta, shi kuma azzalumin a taimake shi ta hanyar riƙe masa hannu. Abin da ya rage shi ne malami ya haɗa musu wannan karatun da yaron da ke kuka a bayan aji, ya kira abin da sunansa. Yaro ɗaya ba zai iya tunkarar siniya ba, kuma bai kamata a sa shi ba. Amma zai iya ƙin yin dariya, zai iya zama kusa da wanda aka ware, su uku za su iya zuwa wurin malam tare.

Shi kansa siniyan fa? Bara waccan shi ne mai durƙuso a kan tsakuwa, yana lissafin ranar da zai fanshe. Mu kuma muka ɗauki bulala muka damƙa masa. Makarantar da ɗalibai suka yi wa malamai yawa, dole ta jingina da monita da firfet, wannan kowa ya fahimta. Amma a ba yaro ɗan shekara goma sha bakwai iko a kan barci da abinci da fatar jikin yara hamsin, daga isha'i har asuba, ba babba ko ɗaya a kusa, sannan a yi mamakin abin da ya biyo baya? A tsangaya ma haka gardi yake da ƙolo in malam ya yi nisa. Ra'ayina a nan ba shi da kwana: ɗalibi kada ya hori ɗalibi. Ya rubuta suna ya kai wa malam, iyakarsa ke nan. Kuma duk ɗakin kwanan da babban mutum ba ya kwana a ciki ko a jikinsa, bai cancanci a kai ɗan kowa ba. Korar mai laifi kaɗai ba ta wadatar, wata makarantar zai koma da halinsa. A zaunar da shi da ubansa, ya biya abin da ya ƙwace, a karɓe muƙamin, a kuma sa ido a kansa, don sau da yawa in aka bi sawu za a tarar shi ma akwai mai jibgarsa a gida.

Ɗan yayata dai jeka-ka-dawo aka mayar da shi. Ya yi kusan shekara kafin ya daina firgita in an kira sunansa da ƙarfi. Ban taɓa ba shi haƙuri da baki ba, irin namu na manya, sai dai na kan ɗauke shi a babur mu je kasuwa ranar Lahadi, ya riƙe mini igiya.

Mai karatu, in kana da yaro a makarantar kwana, ranar ziyara mai zuwa kada ka tambaye shi ko lafiya, zai ce maka lafiya lau. Ka ja shi gefe inda ba mai ganinku, ka dubi gwiwarsa da bayansa, ka tambaye shi wa yake wa wanki, kuma ƙarfe nawa yake kwanciya.